Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Abin Da Na Koya Game Da Tauraron Ɗan'adam A Kan Babur

 Akwai wani tsohon ciwo a kafaɗata ta hagu wanda duk shekara, da zarar damina ta kama, sai ya motsa ya tuna mini da kansa. Fiye da shekara 20 ke nan ina ɗauke da shi, ban kuwa taɓa niyyar ba da labarinsa a jarida ba, domin labari ne na wautar kaina, kuma ba kowa ke son ya kai wautarsa kasuwa ba. Abin da ya sa na sake shawara shi ne wata tafiya da muka yi a kan babur ni da babban ɗana a shekarar 2023, inda na ga yaron yana shirin taka sawun da na taka, da sabon kayan zamani amma da tsohuwar wauta irin tawa. Tun da ya ke akwai dubban samari irinsa a kan titunan ƙasar nan, daga Legas har Maiduguri, na ga ya kamata in faɗi abin da na sani, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Ni mutumin ƙasar Kano ne, amma tun shekarar 1984 na ke zaune a unguwar Sabo ta Shagamu, cikin Jihar Ogun, ina fataucin goro. Kafin nan na yi 'yan shekaru ina koyarwa a makarantar firamare, abin da ya bar mini halin bin diddigin al'amari har sai na gane kansa. Aikina a lokacin da na ke da ƙarfi shi ne shiga ƙauyukan ƙasar Remo da Ijebu in sayi goro a hannun manoma, a kawo shi Sabo a gyara, a ɗaure huhu, a loda wa manyan motoci su yi Arewa. Wanda ya san wannan yanki ya san hanyoyin gonakinsa. Jar ƙasa ce mai santsi, itatuwan goro da na koko da kwakwar manja sun haɗe kai a sama, har da tsakar rana mutum yakan ji kamar magariba ta yi. Mota ba ta shiga yawancinsu, saboda haka babur shi ne jakinmu, shi ne kuma dokinmu.

Son rediyo kuwa gadonsa na yi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tun yana saurayi ya ke bin Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, sa'an nan na Jamus ya biyo baya a 1963, na Muryar Amurka a 1979, ga kuma Rediyon Kaduna wanda shi ne abokin hirarsa na dare. Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san halin gajeren zango. Murya takan zo ta koma kamar igiyar ruwa, wani lokaci ta dushe har sai ka manna akwatin a kunne, wani lokaci wata tasha mai baƙon harshe ta kutso cikin maganar, ga ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Amma duk da haka ba kasafai labari ke kuɓuce wa mutum gaba ɗaya ba. Ko murya ta yi ƙasa, kunnen da ya saba yakan tsinci kalmomi a cikin hayaniyar, ya harhaɗa su ya gane zancen. Ku riƙe wannan magana, domin za mu komo kanta.

Rediyo Daga Sama

A shekarar 1990 wani lauya haifaffen ƙasar Habasha mazaunin Amurka, mai suna Noah Samara, ya kafa kamfanin WorldSpace da nufin aika shirye-shiryen rediyo kai tsaye daga tauraron ɗan'adam zuwa akwatin mai sauraro, ba tare da an bi ta dogayen ƙarafan tashoshin ƙasa ba. Ya sha bayyana cewa abin da ya zaburar da shi shi ne ganin yadda cutar ƙanjamau ke yaɗuwa a Afirka saboda ƙarancin bayani. A watan Oktoba na 1998 rokar Ariane ta ɗaga tauraron farko, mai suna AfriStar, daga Kuru a Giyana ta Faransa. Aka ajiye shi a nisan kilomita 35,786 bisa layin da ya raba duniya biyu, daidai digiri 21 gabas, watau a saman ƙasar Kwango. A wannan nisa tauraro yana kammala zagayen duniya cikin kwana ɗaya, daidai da juyawar ita kanta duniyar, saboda haka ga wanda ke ƙasa sai ya zama kamar an kafe shi da ƙusa a wuri guda. Aka fara watsa shirye-shirye a 1999, kamfanonin Japan huɗu, watau Hitachi da JVC da Panasonic da Sanyo, suka ƙera akwatunan farko. A 2000 aka harba na biyu, AsiaStar, domin ƙasashen Asiya.

Ni dai a 2001 na sayi irin wannan akwati a Legas, da kuɗin da uwargida ta ce da keken ɗinki aka saya da su da an fi ganin amfaninsu. Yana da eriya mai faɗi kamar murfin kwano, wadda a ke ajiyewa a bakin taga ko a kan rufi, a fuskantar da ita can sama ta wajen gabas maso kudu. Ranar da na fara kunna shi na kamo BBC ta Turanci, sai na tsaya sororo. Babu suyar gyaɗa, babu zuwa da komawa, har saukar numfashin mai karanta labarai ina ji. Da na juya zuwa tashoshin kiɗa, sai na ji kowane abin kiɗa daban, kamar an jera makaɗan a tsakar gidana.

Da Babbar Salla na tafi da shi gida don in nuna wa tsohona. Muka ajiye eriyar a ƙofar zaure. Ko da ya ke ba ya jin Turanci, ya kasa kunne na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce, "Kai, wannan mutumin a ina ya ke?" Na ce, "Baba, a Landan ya ke." Ya girgiza kai ya ce, "A'a, wannan a zauren nan ya ke. Wanda ke Landan ai sai ya sha wuya kafin muryarsa ta iso." Muna cikin haka wani jikansa ya zo ya sunkuya a kan eriyar yana kallo, nan take murya ta ɗauke ƙaf, kamar an yanke ta da wuƙa. Da yaron ya matsa sai ta dawo. Tsoho ya yi dariya ya ce, "To, ka gani. Nawa in ya gaji tari ya ke yi ya ci gaba da magana. Naka kuwa suma ya ke yi." Na ɗauki maganar wasa, ashe karatu ya ba ni ban gane ba.

Ranar Da Na Faɗi

Watan Afrilu na 2003 wata ne da ba a rabuwa da rediyo. Yaƙin Iraƙi yana ci, Bagadaza ta faɗi ranar 9 ga wata, a gida kuma ana shirin zaɓen shugaban ƙasa ranar 19. Ni ko ga shi kullum sai na wuni a gonaki, in dawo da dare in tarar duniya ta wuce ni. Sai wata dabara ta faɗo mini. Na sami tsohon tiyub na yayyanka, na ɗaure akwatin a kan tankin babur, na ɗaure eriyar a kariya ta baya tana kallon sama, na ja wayar abin sauraro na cusa a kunnuwa biyu. A nan dole in yi adalci. Takardar da ta zo da akwatin ta faɗa ƙarara cewa eriya tana bukatar ta ga sararin sama ba tare da shamaki ba. An yi shi ne domin taga da tsakar gida, ni na ɗora masa aikin da ba nasa ba.

A kan babban titin Shagamu zuwa Benin abin ya yi kamar zai yi. Da ya ke a ƙasarmu tauraron yana can sama kusan tsakiyar kai, muddin hanya a buɗe ta ke murya tana zuwa, sai dai in na shiga ƙarƙashin gada, ko na jera da doguwar mota, ko na kwanta a kwana, ta ɗan ɗauke ta dawo. Amma da na sauka daga kwalta na shiga inuwar itatuwa, sai labari ya sake. Kalma biyu, shiru. Kalma uku, shiru. In ji an ambaci Bagadaza, sauran maganar ta tafi. Babu abin da ya kai wannan cin rai, domin da ma a ce ba ka ji komai ba ya fi a ɗanɗana maka a janye.

Cikin wannan hali na miƙa hannun hagu baya don in gyara zaman eriyar, na kuma juya kai ina duba ta, babur yana tafiya. Ko da na waiwayo gaba sai ga motar katako ta fito daga kwana ta cika hanya. Daga baya mutane suka shaida mini cewa tun daga nesa direban ke danna ƙaho, ni kuwa kunnuwana a toshe, hankalina yana Iraƙi. Na karkatar da kan babur da hannu ɗaya, ga ƙasa ta sha ruwan farko, sai na tsinci kaina a cikin kwazazzabo, babur a kaina. Wani manomi Bayarabe da 'ya'yansa biyu su suka ciro ni, ya kai ni gidansa, matarsa ta wanke mini raunuka, ya nemo mota ya raka ni har wurin mai ɗori a Sabo. Ƙashin kafaɗa ya karye. Wata biyu ban fita ba, wasu daga cikin manoman da na ke saye a hannunsu suka koma wa waɗansu. Eriyar ta farfashe a wurin, ban kuma sake neman wata ba. Shi kamfanin na WorldSpace bai daɗe sosai ba bayan haka, domin masu biyan kuɗin sauraro ba su kai yawan da zai riƙe shi ba. A watan Oktoba na 2008 ya kai kansa kotu a Amurka a kan ya karye, a ƙarshen 2009 kuma aka rufe shirye-shiryensa a Indiya, inda ya fi yawan masu sauraro.

Bayan Shekara Ashirin

A 2023 labari ya zo mini cewa manomin nan da ya ciro ni daga rami ya rasu. Ya wajaba in je in yi wa iyalinsa ta'aziyya, ga shi na daɗe da barin hawan babur, hanyoyin ma na manta rabinsu. Babban ɗana, wanda al'ada ba ta bar ni in kama sunansa ba, yana aikin kai saƙo da babur a Legas, sana'ar da ya koma bayan da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a manyan sassan birnin a 2020 da kuma 2022. Ya zo ya ce zai kai ni. Na ce ai bai san garin ba. Ya ce, "Baba, faɗa mini sunan ƙauyen kawai." Ya danna wayarsa, ya sauko da taswirar yankin tun muna gida, ya maƙale wayar a kan babur, muka kama hanya.

A kan taswirar akwai wani ɗan ɗigo shuɗi, wanda shi ne mu. Ina zaune a baya ina leƙensa ta kan kafaɗar yaron. Muka bar kwalta, muka shiga inuwar nan tawa ta da. Ba a jima ba layin waya ya ɗauke, ko sanda ɗaya babu. Na ce a raina, to yanzu zan ga suma irin ta wancan. Amma ɗigon bai tsaya ba. Wani lokaci yakan ɗan kauce gefen hanya kamar ya shiga gona, sa'an nan ya dawo, amma yana biye da mu sawu da ƙafa. Muka wuce ta daidai kwanar da na faɗi, na gane ta da wani babban icen rimi, ɗigon yana tafiyarsa lafiya lau. Abin ya ɗaure mini kai. Wannan tauraro, wancan ma tauraro, ganyen kuma shi ne dai na da. Me ya sa ɗaya ya suma ɗaya bai suma ba?

Ina cikin wannan tunani na lura kan yaron yana ɗan kaɗawa, ba kuwa saboda gargadar hanya ba. Na duba da kyau, sai na hangi farin abu a kunnensa, ƙarƙashin hular kwano. Jikina ya yi sanyi. Na dafa shi na ce ya tsaya. Na ce, "Mene ne wannan a kunnenka?" Ya ce, "Baba, muryar mai nuna hanya na ke ji." Na ce, "Ita ce ke sa ka kaɗa kai?" Ya sunkuyar da kai ya ce akwai ɗan kiɗa a ƙarƙashi, in za a yi kwana kiɗan yakan yi ƙasa murya ta yi magana, kuma haka duk abokan aikinsa ke yi, in ba haka ba wunin ba ya ƙarewa. A nan bakin hanya, kusa da ramin, na buɗe masa kafaɗata, na ba shi labarin da bai taɓa ji daga bakina ba, domin lokacin yana ƙarami ce masa aka yi santsi ne ya kayar da ni.

Inda Bambancin Ya Ke

Da muka dawo ban huta ba sai da na zaunar da wani ƙanen uwargida wanda ya karanta aikin injiniyan lantarki, na yi ta yi masa tambayoyi, na kuma karanta abin da ya ba ni. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ashe zangon da su biyun ke amfani da shi maƙwabtan juna ne. Rediyon AfriStar yana tsakanin megahaz 1,467 da 1,492, babban zangon GPS na farar hula kuma yana kan 1,575. Watau ganye da gini da jikin mutum suna tare su kusan daidai wa daida. Bambancin yana wani wuri dabam.

Na farko shi ne yawa. Rediyona tauraro ɗaya tak ya dogara da shi, a wuri ɗaya, in reshe ya shiga tsakani shi ke nan. Shi kuwa tsarin GPS, wanda rundunar sojan Amurka ta fara harba taurarinsa a 1978 ya kuma kammalu a 1995, an shirya shi da taurari aƙalla 24, a nisan kilomita 20,200, a kan hanyoyi shida, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a kwana ɗaya. Na'ura tana bukatar huɗu kawai don ta gane inda ta ke, alhali a fili takan ga ninkin haka. Daɗin daɗawa, wayoyin yanzu suna haɗawa da taurarin Rasha na GLONASS, da na Turai na Galileo, da na Sin na BeiDou. In ganye ya rufe biyar, wasu biyar suna leƙowa ta wata kafa. Garin da ke da rijiya ɗaya da wanda ke da rijiya talatin ba su zama ɗaya ranar da guga ya faɗa.

Na biyu, wanda a ganina ya fi muhimmanci, shi ne nauyin saƙon. Masana suna auna bayani da wata 'yar ƙwaya da su ke kira bit. Tashar magana mafi ƙanƙanta a AfriStar tana cin bit 16,000 a kowace daƙiƙa, ta kiɗa mafi kyau kuma har 128,000. Saƙon tauraron GPS kuwa bit 50 ne kacal a daƙiƙa. Muhimman abubuwan da ya ke faɗi uku ne: ga sunana, ga lokaci a agogona, ga hanyar da na ke bi. Bai san da kai ba, bai san sunan garinku ba, ba ya kuma ɗauke da taswira. Wayar ce ke lissafi. Tun da saƙon rediyo yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, sai ta auna jinkirin isowar kowane saƙo ta gane nisanta da kowane tauraro, daga nan ta fitar da inda ta ke. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yakan jawo kuskuren mita 300, shi ya sa taurarin ke ɗauke da agogon atom. Da zarar waya ta karɓi bayanin hanyar tauraro, zai yi mata aiki na sa'o'i. In saƙo ya yanke na daƙiƙa biyu sai ta yi kirdado da saurinka da inda ka dosa, kai ba ka ma sani ba. Amma kalmar da ta faɗi daga bakin mai karanta labarai ta faɗi ke nan, babu lissafin da zai mayar da ita.

Akwai kuma wata hikima. Saƙon GPS yana isowa ƙasa da rauni ƙwarai, har hayaniyar da ke cikin iska ta fi shi ƙarfi. Amma kowane tauraro yana maimaita wata alama tasa wadda na'urar ta riga ta haddace, saboda haka takan tsamo shi daga cikin hayaniyar kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta a tsakiyar kasuwa. Da na ji wannan sai na tuna da kunnen tsohona a kan gajeren zango. Shi kuwa rediyon lamba irin nawa ba shi da tsaka-tsaki. Muddin saƙo ya kai wani ma'auni murya tana fita garau, da ya gaza da ƙiris sai shiru. Sumar da tsoho ya faɗa ke nan.

Za a ce to yaya aka yi a Amurka rediyon tauraro ke aiki a motoci, har da manyan baburan tafiya mai nisa irin su Harley-Davidson da Honda Gold Wing? Amsa ita ce da kuɗi aka sayi wannan. Kamfanonin XM da Sirius, waɗanda suka fara aiki a 2001 da 2002 suka kuma haɗe a 2008, tun farko domin abin hawa aka shirya su. Tauraro biyu ke aiko da shiri ɗaya daga kusurwa dabam-dabam, ɗaya yana bayan ɗaya da kimanin daƙiƙa huɗu, don in gada ta rufe ka na ɗan lokaci akwatin ya cike gurbin da abin da ya ajiye. Bayan wannan suka kafa ɗaruruwan tashoshin ƙasa a cikin birane suna maimaita shirin. Duk da haka masu sauraro a can sun sha kuka da cewa saboda an cusa tashoshi masu yawa a zango ƙarami, kiɗan yakan fito siriri, kuma a cikin duwatsu da dazuzzuka yakan ɗauke. Wannan tsari na Amurka ta Arewa ne, ba ya isowa Afirka.

Batun Daɗin Murya

To, mu ɗauka an kawar da duk waɗannan matsaloli, murya tana zuwa garau ba yankewa. Har yanzu da sauran magana, kuma ita ce wadda ni ban tsaya na yi tunaninta ba a 2003. Kyan muryar da na biya kuɗi dominsa, na saukar numfashi da rarrabe kayan kiɗa, a ɗaki mai shiru a ke jin sa. A kan babur ga ƙugin inji, ga salansa, ga iska tana bugun kunne. Masana lafiyar ji sun ce ƙarar da ta wuce desibel 85, in aka daɗe cikinta, tana lalata ji, iskar da ke kaɗa mai babur a gudun babban titi kuwa takan wuce haka ita kaɗai. Wanda ke son ya ji kiɗa a kan wannan dole ya ƙure murya, watau ya ɗora ƙara a kan ƙara. Bai sami daɗin kiɗan ba, ya cuci kunnensa, ya kuma rufe ƙofar da ƙaho da ihun mutane da ƙarar birkin wani za su shigo.

Na'urar nuna hanya ba ta da wannan bukata. Muryarta ma ba daga tauraro ta ke zuwa ba, a cikin wayar ta ke, shi ya sa ba ta dushewa ko an shiga daji. Kalma huɗu ko biyar za ta faɗa, ta yi shiru har wani lokaci, ko da muryar ba ta da daɗi ba kome, muddin an gane dama da hagu. Kiɗa da labari kuwa hankalin mutum gaba ɗaya su ke nema, tun daga farko har ƙarshe. Mai mota yana da ƙarfe kewaye da shi, kuskurensa yakan tsaya a wurin mai gyaran fenti. Mai babur jikinsa ne bodin motarsa. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Kada kuma a ɗauka na ce ita na'urar nuna hanya ba ta da aibi. A wannan tafiya tamu, saura kaɗan mu isa, ta kai mu bakin wani rafi ta ce mu miƙe, alhali ruwa ya daɗe da cinye kwalbatin. Tauraro ya faɗi gaskiya game da inda mu ke, amma taswira aikin mutane ce, ba ta san abin da damina ta yi ba. Wata tsohuwa mai ɗauke da rogo ita ta nuna mana inda a ke zagayawa, da ɗan Yarabancin da na iya na tambaye ta. Yaron kuma ya gaya mini cewa a tsakanin dogayen gine-ginen Marina a Legas ɗigon yakan yi tsalle ya faɗa wani layi, saboda saƙo yana bugun bango kafin ya iso. Ga kuma haɗarin kallon fuskar waya ana gudu, wanda bai bambanta da waiwayen da na yi ba. Har gobe matambayi ba ya ɓata.

Muka isa muka yi ta'aziyya. 'Ya'yan marigayin nan biyu, waɗanda yanzu furfura ta fara fito musu, suka gane ni, suka tambayi lafiyar kafaɗa. A hanyar dawowa yaron ya cire abin kunnen ya sa a aljihu ba tare da na sake magana ba. Ban sani ba ko kunyata ya ji. Amma daga baya ya gaya mini cewa yanzu yakan duba hanya kafin ya tashi, ya bar muryar mai nuna hanya kawai a kunne ɗaya, in kuma yana bukatar taɓa wayar sai ya faka. Kiɗa ya bar shi sai lokacin cin abinci.

Saboda haka kirana ga samarinmu masu neman halaliyarsu a kan babur, da iyayensu, da shugabannin ƙungiyoyinsu, shi ne a yi amfani da na'urar nuna hanya, domin alheri ce, ta sauƙaƙa wa baƙo shiga garin da bai sani ba. Amma a ɗaure wayar a inda ba sai an saki hannu ba, a sa hular kwano, a bar kunne a buɗe. Labarin duniya ba zai gudu ba, za a tarar da shi a gida. Ni kaina har yau ba na kwana sai na ji labarai, amma a kan tabarma, da tsohon akwatin mahaifina mai tari. Allah ya kiyaye mu a hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.